Yankan da Aka Yi a Snowdonia

Ranar Laraba da hantsi ɗan sandan ya ƙwanƙwasa ƙofa, Jamilatu tana tsaka da auna wa Luba maganin zuciyarta a cokali. Kwana biyu ke nan da dawowarsu Deptford daga duwatsun Snowdonia, a watan Agusta na 1974. Ko bargunan tafiyar ba su gama bushewa ba.

Baturen ya cire hularsa, ya nemi mijinta Maharazu, ya buɗe ɗan littafinsa. Ya ce ranar Asabar wajen ƙarfe biyu na rana wani manomi a Wales ya tsinci ragonsa a bakin hanya an yanka shi. Ba ragon nama ba ne, na iri ne, wanda ya ci gasa sau biyu. Manomin ya hango farar mota mai ɗakin kwana tana barin wurin, ya rubuta lambarta. Da sunan Maharazu aka yi hayar motar, kuma shi kaɗai takarda ta yarda ya tuƙa ta.

"Ya ce in je ofishinsu gobe ƙarfe huɗu," in ji Maharazu. "In ba ni da wani bayani za su rubuta caji."

"Tambaye shi yadda aka sami ragon."

"Jamila, wannan ba lokacin..."

"Tambaye shi, Malam."

Ɗan sandan ya duba littafin. Ragon a kwance yake ta gefen hagu, ƙafar baya a karye, da shuɗin fentin da manomi ke shafa wa dabbobinsa a kafaɗa. Ba a ɗauki ko tsoka ɗaya ba. Abin da ya ɗaure wa manomin kai, an tona ɗan rami daidai wuya, jinin duk ya taru a ciki.

Da ya tafi, Jamilatu ta ba Luba maganin, ta goge mata baki. Ranar Juma'a, jibi ke nan, Maharazu zai je Croydon sabunta bizarsu ta karatu. A takardar akwai layin da ke tambaya ko ana tuhumarka da wani laifi. A watan Oktoba kuma likitoci za su ɗinke ramin da ke zuciyar Luba, aikin da aka gaya musu a gida cewa babu inda ake yin sa. In biza ta faɗi, aikin ya faɗi. Yarinyar shekararta uku, in ta hau bene hawa ɗaya sai leɓenta ya yi duhu.

Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwar Deptford. Jamilatu ta shiga shagon da take sayen manja da doya, hira ta ɗauke. Wata ta tambaye ta ko naman ya yi daɗi. Wani kuma ya ce shi tun farko bai ga dalilin shiga mota ɗaya da mutumin Jos ba.

Su shida ne manya a tafiyar. Ita da Maharazu. Alhaji Lawal Maje, kawun Maharazu, ɗan kwangilar siminti wanda shi ya kawo shawarar kuma shi ke da hawan benen da suke ciki, da matarsa Hajiya Khadijatu. Sai maƙwabtansu na hawan sama, mutanen Jos, Dalyop mai koyon ɗaukar hoton ƙashi, da matarsa Chundung, ma'aikaciyar jinya, wadda ba don ita ba da Jamilatu ba ta yarda a kai Luba nesa da asibiti ba. Su da yarinyar suka kwana a mota, su Dalyop a tanti, Alhaji da Hajiya suka kama ɗaki a masaukin da ke bakin sansanin da suka sauka. Mukulli kuwa a ƙarƙashin tukunyar gas ake ajiye shi, kowa ya sani.

Alhaji ya bugo wa Maharazu waya daga gidansa na Edgware Road, tana jin muryarsa daga kicin.

"Wa ke da wuƙa a ƙugu tun daga Landan? Wa ya ɓace shi kaɗai a dutse? Ka gaya musu sunansa kawai, ka huta."

Jamilatu 'yar Jalo ce, a rugar da ke bayan Gombe ta tashi. Mahaifinta shi ake kira in an sace shanu, kuma da yake bai sami ɗa namiji da wuri ba, ita ke riƙe masa gora. Tana da shekara goma takan raba sawun saniya mai ciki da na wadda ba ta da shi. Babu wanda ya san wannan a Landan. A nan dai matar ɗalibi ce mai ƙaramin Turanci.

Ta goya Luba ta hau sama.

Chundung ce ta buɗe, fuskarta ba walwala. Dalyop yana zaune, wuƙar tana kan tebur, ya riga ya fito da ita.

"Ga ta nan, Maman Luba. Ki kai wa Alhaji ya shinshina. Lemo na ɓare da ita, sai igiyar tanti."

"Ban zo don wuƙa ba. In ka yanka akuya a gida, ina jinin yake zuwa?"

"Cikin kwano mana. Tsohuwata ba ta barin ɗigo ya zube."

"Kana tona rami?"

"In tona rami in zuba abinci a ciki?" Ya dubi matarsa. "Ji wata tambaya."

Jamilatu ta gyara goyonta. Rami aikin wanda ba ya cin jini ne, kwantarwa ta hagu kuma aikin mai neman alƙibla. Karyewar ƙafar ta gama faɗa mata sauran. Mota ce ta buge ragon, wanda ke tuƙin ya ga zai mutu, ya yi maza ya yanka kada ya zama mushe, kamar yadda kowane direba zai yi tsakanin Kano da Wudil. Dalyop ya fita daga zargi. Amma fitarsa ba ta yi mata daɗi ba, domin maza biyu suka rage.

"Da ka sauko daga dutsen, ƙarfe nawa ka iso sansani?"

"Biyu saura kaɗan."

"Ka ga Alhaji?"

"Na ji shi kafin in gan shi. Yana falon masauki a kan waya, yana zagin wani a Legas kan jirgin siminti. Mai masaukin ta ce tun sha biyu yake zaune jiran layi. Na tsaya shan shayi, har na gama bai ajiye ba."

"Motar fa?"

Chundung ta ce wa mijinta, "Gaya mata."

"Ba ta nan. Na ɗauka mijinki ne ya fita da ita. Shi ya sa ban ce komai ba, ko da ake ta kiran sunana a kasuwa."

Ta yi masa godiya ta sauko.

Ranar Asabar ɗin ita da Maharazu da Chundung da Luba sun wuni a bakin tafki. Da sha biyu aka ga an manta maganin Luba na rana a mota, Maharazu ya koma ɗaukowa. Tafiyar minti arba'in ce zuwa, arba'in dawowa. Bai dawo ba sai biyu da rabi, ya ce ɓata ya yi.

Ta same shi a gefen gado, takardar Croydon a cinyarsa.

"Malam, hanya ɗaya ce daga tafki zuwa sansani, kuma katangar dutse ce hagu da dama. Ko akuya ba za ta ɓata ba. Ina ka tsaya?"

"Yanzu ni kike tuhuma?"

"Ina tambaya ne kafin Bature ya tambaya. Shi ba zai kawo maka shayi ba."

Ya ce ya ɗauki maganin, motar tana nan a lokacin. A hanyar dawowa ruwa ya sauko, ya fake a rumfar jiran bas, ya sha taba. Kara uku. Ya zauna har warin ya bar rigarsa. Shi da ya dafa Alƙur'ani ya ce ya bari saboda ƙirjin Luba.

"Tun watan Mayu na san da tabar," ta ce. "Za mu yi maganarta bayan Oktoba. Wani ya gan ka a rumfar?"

"Tumaki."

"To me kake ɓoye mini kuma?"

Ya rage murya, kamar bangon zai kai rahoto. Da yamma da suka dawo, ya ga an ajiye motar a karkace, ba yadda ya bar ta ba, kuma an bar ta a giya. Ya san Kawu ne. Wa kuma zai taɓa motar da shi ya biya? Kawu ba shi da lasin ƙasar nan.

"Shi ya riƙe ni tun ina aji uku, Jamila. In an ce ni ne, tara ce kawai."

"Tara ce a wajen Kawu. A gare mu jirgi ne zuwa Kano da yarinya a hannu. Kuma Kawu yana kan waya, Dalyop ya gan shi."

Maharazu ya ɗago. Ta duba idonsa da kyau, ta ga mamakin na gaske ne. Ta so ta yarda da shi gaba ɗaya, amma mahaifinta bai taɓa sallamar mutum saboda fuska ba, sai ya ga ƙasa.

Da safiyar Alhamis ta bar Luba wajen Chundung, ta ɗauki tocila ta sauka bayan gida. Hayar mako guda ce, sai Juma'a za a mayar da motar gareji a Old Kent Road, ba a kuma wanke ta ba tukuna.

Ta fara da gaba. A ƙasan bamba ta hagu ta zaro gashin rago, da shuɗi a bakinsa. Ta buɗe ƙofar direba ta durƙusa. Shimfiɗar robar duk sawun takalmin Maharazu ne, wani kan wani, na tafiyar awa bakwai da ya yi ranar Litinin. Ya taka duk abin da ke ƙarƙashi. Ta kusa miƙewa, sai ta tuna cewa ba a neman sawu a tsakiyar hanya inda garke ya bi, a gefe ake nema. Ta kwanta rigingine, ta tura kanta ƙarƙashin sitiyari, ta haska can sama bayan kuloci, inda ƙarfen ya tashi kuma babban takalmi ba ya kaiwa.

Sawu ɗaya ne, a busasshen laka. Ƙafar hagu, ba takalmi. Ta zame daga kuloci ta daki ƙarfen, irin zamewar wanda bai saba ba kuma yake sauri. A tafin akwai shuɗi. Ta gane dalili: mai yanka shi kaɗai, ba mai riƙe masa, dole ya taka kafaɗar dabba da ƙafar hagu. Ta auna da hannunta. Ƙafar ba ta kai ta Maharazu ba ko kusa, sai a lokacin ta ji numfashinta ya sauka. Ta ƙirga yatsu. Huɗu. Ƙaramin bai taɓa ƙasa ba.

Alhaji gajere ne, ƙafarsa ƙarama, kuma mai masauki na iya kuskuren agogo. Ta ƙi yanke hukunci. Ta hau sama ta ce wa Maharazu ya kira kowa cin abinci ƙarfe ɗaya, a yi shawara kafin huɗu. Sannan ta ɗauke silifan banɗaki da tabarmar ƙofa ta ɓoye, ta goge ledar barandar har ta bushe ƙarau.

Alhaji ya iso da babbar riga da ƙamshin turare, bai amsa gaisuwar Dalyop ba. Hajiya Khadijatu ta kawo wa Luba 'yar tsana, ta zauna a gefe, ta ce ciwon kai bai sake ta ba tun Wales. Aka ci shinkafa ba hira. Da azahar ta yi Alhaji ya shiga alwala, ya fito yana mita.

"Gida ba silifa? Jamilatu, haka ake karɓar baƙi a Gombe?"

"A yi haƙuri, Kawu, na jiƙa su ne."

Ta bi bayansa da tsumma. Sawunsa a jiƙe a kan leda, yatsu biyar cif, hagu da dama. Ta goge. Hajiya ta shiga, ta fito tana tattare zani. Jamilatu ta tsaya da tsumman a hannu, ba ta goge ba. Yatsu huɗu ne a sawun hagu. Sai yanzu kuma ta dubi ƙafar Hajiya. Lalle ne sabo, na wannan makon, ba biki ba suna. Na dama ja ne. Na hagu an maimaita shi har ya yi baƙi.

Bayan sallah Alhaji ya gyara zama ya ce ba sai an ja magana ba. Mai wuƙa ya san kansa. Dalyop ya dire wuƙarsa a tebur ya fara tashi, Chundung ta riƙe masa hannu.

"Kawu, a ba ni izini in faɗi abin da na gani," in ji Jamilatu.

"Ke kuma? To, faɗi."

Ta faɗa a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. Ramin jini da kwanciyar hagu. Karyewar ƙafa da gashin da ke bamba. Ta ce wanda ya yi wannan ba ɓarawo ba ne, ko tsoka bai ɗauka ba, mai tsoron Allah ne da ya ƙi barin dabba ta mutu mushe. Ta ce ya cire takalmi kafin ya tuƙa, domin takalmin mai tsini ne ba ya kama kuloci. Ta ce fentin manoman can da mai ake haɗa shi, sabulu ba ya fitar da shi, sai dai a rufe shi da wani abu.

"Mun yi ta zagaya maza uku," ta ce, "don a kanmu mace ba ta tuƙi, ba ta yanka. Sawun yana cikin mota, ɗan'uwansa kuma yana baranda, bai gama bushewa ba. Wanda ke so ya je ya gwada."

Ba wanda ya tashi. Hajiya Khadijatu ta ja zaninta ta rufe ƙafa, sannan ta sake shi.

"Wata huɗu ina zuwa koyon mota in kana Legas, Alhaji," ta ce, idonta a kan tabarma. "Na ga hanya ba kowa, na ce in kai ƙarshen katanga in dawo. Daga sama ya diro. Yana shure-shure yana kallona. Ka san gidan da na fito, babana mahauci ne, na riƙe masa ƙafar rago tun ban yi wayo ba. Hannuna ya gama kafin kaina ya fara tunani. Na tsaya jiran mai shi in ba shi haƙuri, ba makiyayi ba kowa. Sai ga wani da kare yana gudu yana ihu, ban san sanda na shiga mota ba."

Dalyop ya ɗauki wuƙarsa daga tebur ya mayar aljihu.

Da Alhaji ya buɗe baki, sai ya kalli Maharazu, ba matarsa ba.

"Maganar nan ba za ta fita ɗakin nan ba. Matata ba za ta tsaya gaban ɗan sanda ba, a ji a Kano. Kai za ka je ka ce kai ne. Zan saya wa manomin raguna goma, zan ɗauki lauya mafi tsada a garin nan."

"To, Kawu..." in ji Maharazu.

"A'a," in ji Jamilatu.

"Da ɗana nake magana."

"Ɗanka ne, Kawu, ban musa ba. Amma lauya ba zai cika takardar Croydon gobe da safe ba. In ya rubuta e, an kore mu. In ya rubuta a'a, ya yi ƙarya, an kore mu. In ya je ya ce shi ne, ni zan bi shi da Turancina guntu in kai su wajen motar."

"A gidana kike zaune."

"Na sani. Jiya na tambayi Chundung, ta ce akwai ɗaki a wajensu."

"Akwai," in ji Chundung.

Luba ta farka a ɗaki ta fara tari, irin mai jan numfashi. Jamilatu ta shiga ta ɗauko ta, ta kwantar da ita a kafaɗa tana shafa bayanta, kowa yana jin yadda iskar ke shiga da ƙyar. Hajiya tana kallon leɓen yarinyar. Ta miƙe ta ɗauki mayafinta da jakarta.

"Zauna, Khadija."

"Kwana biyar ban yi barci ba, Alhaji. Ka sake ni in ka ga dama, amma ka bari in dawo tukuna." Ta juya. "Sista, ki raka ni. In na ruɗe ki fassara."

Ƙarfe uku da rabi suka fita, Maharazu a gaba yana nuna hanya. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya ce su kwashe kayansu kafin ƙarshen wata. Jamilatu ta durƙusa da yarinya a kafaɗa, ta juya masa takalmin, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

An ci Hajiya tara, an hana ta tuƙi shekara guda, manomin ya karɓi kuɗin ragonsa. Ranar Juma'a a Croydon Maharazu ya rubuta a'a a kan layin, aka buga masa hatimin shekara. Da ya dawo ya tarar ta riga ta ɗaure kwali shida, ta kai gadon Luba sama ita da Dalyop, ta sa shi nesa da taga.